Marigayiyar da Ta Sayar da Ruwa

Da hantsi tsohon ya shigo ofishin 'yan sanda na Wilparra, hularsa a hannu, takalmansa duk jar ƙasa. Bai gaida kowa ba. Ya dafa kanta ya ce:

"An sace mini ruwa."

Sajan Wade Rosler yana bayan kanta yana cin burodi da nama. Ya haɗiye ya ce, "A bokiti aka kwashe, Baba Lambros, ko a aljihu?"

Tsohon bai yi dariya ba.

Insifekta Glenys Hartwig ta jiyo su daga ofishinta, ta fito. Ta san shi kamar yadda kowa a garin ya san shi. Lambros Kefalas ne, mai gonar lemu ta bakin kogi. Ba ta taɓa ganinsa a cikin gari ranar aiki ba, sai dai Lahadi a ƙofar coci.

"Shigo ciki, Baba. Wade, ajiye burodin nan ka kawo masa ruwan sanyi."

Ya zauna a bakin kujera. Ya ce da safe ya je buɗe famfon ban-ruwa, ya tarar da kwaɗo a jiki. Ya buga wa ofishin ruwa waya.

"Na ce musu ƙasata ce. Suka ce ƙasa taka ce, amma ruwan ba naka ba ne. Wai an sayar."

Glenys 'yar manomi ce, ba sai an yi mata bayani ba. A kogin nan rabon ruwa daban yake da ƙasa, ana sayar da shi kamar yadda ake sayar da mota. Ga kuma zafin Janairu, wanda a ƙasar nan shi ne tsakiyar bazara. Lemun da ya rasa ruwa a wannan wata zai fara zubar da 'ya'ya, sannan ganye, daga nan sai itacen wuta.

Ta buga waya ofishin ruwa, ta saurara, ta ajiye. Ta jawo kwamfuta ta buɗe rajistar kamfanoni. Ruwan da sunan kamfani yake, Kefalas da Ɗansa.

"Baba, su wa ne daraktocin kamfaninka?"

"Ni."

"Kai da wa?"

Ya juya hularsa a hannu. "Ni da Marika."

Wade, da ya shigo da kofin ruwa, ya tsaya cak a bakin ƙofa. Duk garin ya je jana'izar Marika, matar tsohon. Lokacin Glenys ko sajan ba ta zama ba.

"A rajista ba haka yake ba," in ji ta a hankali. "Nan an rubuta ka sauka tun watan Agusta. Darakta ɗaya ta rage, Marika Kefalas, kuma ita ta sayar da ruwan. A takarda kai ne ka tafi, Baba, ita tana nan."



Kowace shekara hukumar rajista tana aiko wa kowane kamfani takarda: ga sunayen daraktocinku, ga adireshinku, in wani abu ya canza ku gyara. A jikin takardar akwai lambar sirri. Duk wanda lambar ta shiga hannunsa yana iya hawa intanet ya cire suna ko ya sa.

"Me ya hana ka cire sunanta duk shekarun nan?"

"Babu abin da ya canza."

"Ta rasu, Baba."

"A gonata babu abin da ya canza."

"Wa ke buɗe takardar in ta zo?"

"Ni."

"Wa ke sa hannu?"

"Ni kaɗai."

Hularsa yake kallo da ya faɗa. Glenys ta rubuta amsar, ta ja layi a ƙarƙashinta.

Ya ɗago kai. "Yarinya, ni ba ɓarawo nake nema ba. Ruwana nake so. Mahaifina ne ya dasa bishiyoyin nan."

Suka bi shi gona a motar ofis. Tun daga nesa Glenys ta ga ganyen ya fara nannaɗewa, alamar ya kwana biyu bai sha ruwa ba. A gindin kowace bishiya ƙananan lemu kore sun zube kamar an watsa tsakuwa.

Wata mace tana tsaye a baranda, sanye da rigar aiki irin ta maza, furfura ta leƙo ta ƙarƙashin ɗankwalinta. Vasso ce, 'yar Lambros. Aji ɗaya suka yi da Glenys a firamare. A lokacin babu wanda ya kai ta surutu da dariya.

"Glenys. Sai yau?"

"Sai yau, Vasso. Ina ma da alheri na zo."

"Wa ke zuwa nan da alheri? Ku shigo, rana za ta dafa muku wannan ƙaton."

"Ƙaton ya gode," in ji Wade.

Ta kawo musu kofi mai kauri da ɓawon lemu dafaffe da sukari. Wade ya cinye nasa ya fara hararar na Glenys. A teburin kicin akwai kujeru huɗu. Ɗaya tana da matashi mai saƙar hannu, kuma babu wanda ya nufe ta.

"Vasso, kin san wani abu game da takardun kamfani?"

"Ni ba ruwana da takardu. Ni da famfo da tarakta nake."

"Wa ke ɗauko wasiƙu daga bakin titi?"

"Wanda ya wuce. Wani lokaci ni, wani lokaci Baba."

"Ƙaninki fa?"

"Foti? Yana Adelaide yana sayar da tayoyi. Ba ya son ƙasa a takalminsa."

Tsohon ya buga tebur. "Ɗana ba zai yi mini haka ba! Kamfanin ma da shi aka yi suna."

Vasso ta tashi ta fara wanke kofin da bai yi datti ba.

Glenys ta nemi ganin takardun shekarun baya. Tsohon ya ce ɓeraye sun cinye. Ta dubi kicin ɗin, wanda ko tururuwa ba za ta sami abinci a ƙasansa ba.

Kafin su tafi ta zagaya bayan gida ta leƙa rumfar kayan aiki. Tarakta tana nan, injin feshi yana nan. Amma gefen da ake jibge buhunan taki fayau yake, an share shi tas. A gonar mahaifinta, a irin wannan lokaci, buhuna har rufi suke kaiwa.

"Ina takin bana?" ta tambayi Vasso, wadda ta biyo ta.

"Ya yi tsada."

"Bara ma ya yi tsada."

"To bana ya fi."

A mota Wade ya ce, "Madam, Foti ne. Ɗan birni, motar bashi, mata mai son gwal. In ba shi ba ne, in cinye hulata."

"Kai ai ko ba a yi caca ba za ka iya cinye ta. Gobe ka leƙa kantin taki ka tambaya mini."

Dillalin da ya yi cinikin, Merv Ottoway, a babban garin da ke ƙasan kogi yake. Ofishinsa sanyi ƙalau, ga hotunan kifin da ya kama an jera a bango. Ya tarbe ta da fara'a mai yawa.

"Madam Kefalas? Na tuna ta sarai. Dattijuwar kirki. Nan ta zauna, inda kike zaune."

"Yaya kamanninta?"

"To, irin nasu dai. Baƙar riga, ɗan jiki."

"Ta sha shayi?"

"Ina jin ta sha."

"Mista Ottoway, matar nan ta daɗe a maƙabarta. Ni na ga an sa ta a rami. Ka sake tunani a kan shayin."

Fara'ar ta gudu. Ya sassauta ɗamarar wuyansa, ya tashi ya rufe ƙofa.

"Duba, Insifekta, ban gan ta ba. Ta waya muka yi komai. Ta aiko da takardu da sa hannu, na duba rajista, na ga sunanta ita kaɗai. Rajista ta ce tana raye. Ni wane ne da zan ƙaryata rajista?"

"Muryar tsohuwa ce?"

"Muryar mace ce da ta gaji. Ban iya ƙiyasta shekaru ta waya ba."

"Ta yi ciniki?"

"Abin da ya ba ni mamaki ke nan. Na faɗi farashin farko, wanda ko yaro zai ce a ƙara, ta ce ta yarda. Na ce mata, Madam, ki ba da haya na shekara ɗaya mana, ruwanki ya dawo miki baɗi. Ta ce a'a. Sayarwa take so ta har abada, kuma ga wanda yake nesa."

"Wa ya saya?"

"Wani kamfanin inabi can sama. Sun riga sun fara sha."

Ta miƙe za ta fita, ya ce, "Ɗanta ma ya zo nan. Shi kam da idona na gan shi."

"Yaushe?"

"Kafin Kirsimeti. Wai yana son ya san abin da ruwan gonarsu zai yi a kasuwa. Na ce ai mahaifiyarka ta riga ka, an gama. Sai ya yi fari fat, ya fita bai ce uffan ba. Har gilashinsa ya manta."

Washegari Foti Kefalas ya zo ofis da kansa, bayan ta kira shi. Yana da ƙiba da agogo mai sheƙi, da hanci irin na mahaifinsa. Ya zauna yana kaɗa makullin mota.

"Rabona da yankin nan tun Ista."

Glenys ta buɗe aljihun tebur ta ajiye gilashin a gabansa.

Ya dube shi. Makullin ya daina kaɗawa.

"To, na je. Laifi ne mutum ya tambayi farashi? Shekara nawa ina ce wa Baba ya sayar ya huta. Ni dai tambaya na je yi."

"Aka ce maka mahaifiyarka da ta rasu ta sayar da ruwan gidanku. Ba ka je wa 'yan sanda ba, ba ka gaya wa mahaifinka ba. Ka koma ka ci gaba da sayar da taya."

"Ban san abin da zan ce ba."

"Ko kuwa ka san wanda ya yi."

"Ban sani ba."

"Foti, a yanzu mutum ɗaya nake da shi da ya je wurin dillali, ya yi mini ƙarya, kuma yana son a sayar. Kai ne. Sajan ɗina har ya sa hularsa a kanka."

Ya sunkuyar da kai. Da ya yi magana, muryarsa ta koma ta yaro.

"Kin taɓa zuwa gidanmu ranar takarda?"

"Mece ce ranar takarda?"

"Haka muke ce mata. Ranar da takardar hukuma ta zo. Tun muna yara Baba ya mai da ita kamar biki. Shi da suka zo ƙasar nan da mahaifinsa da akwati ɗaya, ga gwamnati tana rubuto masa da sunan kamfani. Mama ta gasa rago, a shimfiɗa farin ƙyalle a tebur. Ya sa hannu a ƙasa, ta sa, a ajiye a akwati. Ba a buƙatar duk wannan, amma haka yake yi."

"Bayan ta rasu fa?"

"Shekarar farko na ce, Baba, a cire sunan Mama, doka ce. Ya jefe ni da faranti. Sannan ya ja kujerar Mama ya ce, Vasso, zo ki zauna nan. Ya ba ta alƙalami. Ya ce, rubutunku ɗaya, sa mata."

"Ta sa?"

"Tana kuka ta sa. Bai yi masa ba, ya ce ta sake, wai Mama tana ja wa harafin ƙarshe wutsiya. Ta yi ta sakewa har ya yi daidai. Tun daga nan kowace shekara haka ake yi. Ni na daina zuwa. Ba zan iya kallo ba."

"Ka bar ta ita ta yi ta zama."

Ya share fuska da tafin hannu. "Yaya Vasso ba ta taɓa cewa komai ba. Wallahi ba ta taɓa ba. Na ɗauka ta saba."

Bayan ya fita Wade ya shigo, ba burodi a hannunsa.

"Madam, na je kantin taki. Vasso ce ta soke odarsu, tun watan Yuli. Mai kantin ya ce mata ko rabi ta ɗauka, ta ce bana ba za su buƙata ba."

Yuli. Kafin a cire sunan tsohon, kafin a kira dillali, lokacin da ruwa yake gudu a gonar babu wanda ya san zai tsaya.

"Banki fa?"

"Kuɗin ruwan yana asusun kamfani. Ba a taɓa ko sisi ba." Ya zauna a gefen tebur. "Wane irin ɓarawo ne wannan?"

Glenys ta kira lauyan gwamnati ta yi masa tambaya ɗaya: in an tabbatar sa hannun jabu ne, ruwan zai dawo? Ya ce mai yiwuwa. Amma wanda ya saya bai san komai ba, zai kawo lauyoyinsa, sai alƙali ya zauna. Kuɗin ma za a riƙe shi har a gama shari'a, ba za a saki ko na sayen ruwan haya ba. Ya ce in an yi sa'a, ƙarshen shekara.

Ta leƙa taga. Kwalta tana narkewa a titi.

Da la'asar suka koma gonar. Ganyen ya fara zuba. Yana ƙara a ƙarƙashin taya kamar ana taka takarda.

Vasso tana kicin tana fere dankali. Ta ga Wade ya tsaya a bakin ƙofa bai nemi kofi ba. Ta ajiye wuƙar, ta wanke hannu, ta goge. Tsohon yana zaune a kujerarsa.

"An samo ruwan?" ya tambaya.

"Baba, ka ce mini kai kaɗai kake sa hannu."

"Haka ne."

"Ka ce ɓeraye sun cinye takardun."



Vasso ta shiga ɗaki ta fito da wani akwatin gwangwani irin na biskit. Ta ajiye a tebur ta buɗe. Takardu ne a jere, kowace da sa hannu biyu a ƙasa, na Lambros da na Marika mai wutsiya.

"Bar wahalar da shi, Glenys. Ni ce."

"Vasso, kina da damar ki yi shiru har ki sami lauya. Duk abin da kika faɗa zan rubuta."

"Na yi shirun da ya ishe ni. Rubuta."

Tsohon ya dube ta kamar bai gane yaren ba. "Me kike cewa?"

"Ni na ɗauki lambar daga takardar bara, Baba. Ni na cire sunanka. Ni na kira dillali."

"Ke?" Ya yunƙura zai tashi, ƙafarsa ta ƙi. "Kuɗi kike so? Me na hana ki? Ba ga ci ba, ba ga sha ba?"

"Kuɗinka yana banki."

"To me?"

Vasso ta juya wurin Glenys.

"Ranar da Mama za ta rasu ta riƙe hannuna ta ce, kada ki bar shi da bishiyoyin nan shi kaɗai. Na yi mata alkawari. Na ɗauka shekara biyu ce ko uku, ya gaji ya sayar. Kin gan ni yanzu. Ban yi aure ba, ban taɓa ganin teku ba, ga shi nan kusa. In na ce zan je asibiti sai ya ce wa zai buɗe famfo."

Ta zaro takardar da ke sama.

"Dubi sunan kamfanin. Kefalas da Ɗansa. Ɗan bai san inda famfo yake ba. Ki bincika akwatin nan kaf, ba za ki ga Vasso ko sau ɗaya ba. Hannuna kaɗai ne a ciki, shi ma da sunan wata. Ya kai har in ya kira ni da safe Marika yake cewa, ni kuma in amsa."

"Da kin tafi kawai," in ji Glenys. Ta ji maganar ta fito mata ba irin ta 'yar sanda ba.

"Da alkawarin? Na ce ba zan bar shi da bishiyoyi ba. To in babu bishiyoyi fa?" Ta yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Ba wani wuri nake da shi da zan je ba, Glenys. Ni dai in tashi wata safiya babu abin da yake jiran ruwa daga hannuna."

"Bishiyoyin kakanki!" in ji tsohon. "Kin kashe su da hannunki!"

"Na ba ka dama, Baba."

"Wace dama?"

Ta tura masa takardar. "Ta bana ce. Ta zo bayan na cire sunanka, kafin in kira dillali. Na gasa rago, na shimfiɗa ƙyalle, na ajiye ta a gabanka. Na ce, Baba, karanta. Ka tuna? Har gilashinka na kawo maka. Na ce a raina, in ya karanta layi ɗaya, in ya ce ina sunana, in ya ɗago ya dube ni ya tambaya, wallahi zan fasa. Zan mai da komai yadda yake."

Tsohon ya kafa wa takardar ido. A wurin sunayen daraktoci layi ɗaya ne. A ƙasa kuma ga sa hannunsa, babba, da ƙarfi.

"Me ka ce?" ta tambaye shi a hankali.

Ita ta amsa da kanta.

"Ka ture gilashin ka ce babu abin da ya canza. Ka ce, zauna a kujerarki ki sa hannu, rago zai huce."

Wade yana kallon takalmansa.

Glenys ta rufe littafinta. Ta faɗi abin da doka ta ce ta faɗa: zamba, sa hannun jabu, ba hukuma bayanin ƙarya. Ta gaya wa tsohon shi ma za a neme shi a kan sunan da ya bari a rajista da hannun da ya sa aka yi ta sa wa. Bai nuna ya ji ba.

Wade ya taɓa ankwar da ke ƙugunsa. Glenys ta girgiza masa kai.

Vasso ta zuba dankalin a tukunya ta rufe. Ta ɗauko ƙwayoyin maganin mahaifinta daga kan firij ta jera a tebur, na safe daban, na yamma daban. Ta kwance ɗankwalinta ta rataye a ƙusa. Ba ta ɗauki jaka ba.

"Foti zai zo gobe, Baba. Fari kafin abinci, ja bayan abinci."

Suka fito baranda. Wade ya buɗe mata ƙofar baya ta shiga. Glenys tana zagayawa wurin direba ta ji takun tsohon a bayanta, yana jan ƙafa, yana haki. Ta tsaya ta ba shi hanya. A cikin mota Vasso ta sauke gilashi, ta juyo da fuskarta wajensa.

Ya wuce tagar. Ya kama hannun rigar Glenys.

"Yarinya, tunda an gano, gobe za su cire kwaɗon?"

Ta so ta yi masa ƙarya, ta kasa.

"A'a, Baba. Sai kotu ta zauna."

"Yaushe?"

"Ba a wannan zafin ba."

Ya saki rigar. Vasso ta ɗaga gilashinta a hankali har ya rufe.

Glenys ta tayar da mota. Suka bi ta tsakanin layukan lemu, rassa suna gogar jikin motar, busasshen ganye yana zubowa a kan gilashi. Ta madubi ta hango tsohon ya shiga kicin ya fito da bokiti biyu. Ya tsaya a bakin gona yana duban layi bayan layi, har inda ido ya ƙare, bai san wadda zai fara ba wa ba.

Ta kau da ido ta dubi kujerar baya. Vasso ta jingina kanta da ƙofa, tafin hannayenta a buɗe a kan cinya. Kafin su hau kwalta ta yi barci.